Maganar Darakta a Ƙarƙashin Sunana

Ni dilan hatsi ne. Na fara da tiya ɗaya a bakin titin Tsafe ina auna wa matafiya gero da dawa, yau ina da sito a Gusau da rumfa a kasuwar garinmu. Ban wuce aji uku na sakandare ba, amma ina karatu ina rubutu, kuma tun da waya ta shigo hannuna ban sake jiran kowa ya karanta mini saƙo ba. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da wan matata ya raina.

Shi tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Gidansu tsohon gida ne a Gusau, kakanninsa alƙalai da magatakarda, shi kuma ya kai darakta a wata ma'aikata kafin ya yi ritaya. Zaman gida bai cire masa sunan ba. Har jikokinsa Darakta suke ce masa, yana kuma amsawa. Tun da na auri ƙanwarsa bai taɓa zagina ba. Abin da yake yi shi ne ya tambaye ni yadda wake ke tafiya a gaban baƙi, da irin muryar da ake tambayar direba ko akwai mai a mota.

Bayan ritaya sai ya samu abin da zai ci gaba da sa hannu a kai. Akwai wani kundi a intanet, irin wanda ake kira wiki, inda 'yan sa kai ke rubuta tarihin garuruwa da kasuwanni da Hausa, kowa kuma yana iya shiga ya gyara. Darakta ya rungumi abin kamar an ba shi sabuwar ma'aikata. Ya rubuta 'Yandoto, ya rubuta unguwannin Gusau, sannan ya juyo kan cinikin hatsi tsakanin Tsafe da Bungudu. A nan ne ya tuna yana da suruki mai auna dawa.

Ya zo sitona wata safiya da farar babbar riga. Na nuna masa buhu ya zauna, ya ƙi, sai da aka aro masa kujera a shagon maƙwabta. Ya ɗora wayarsa a gwiwa ya kunna ɗaukar murya.

"Alhaji, yi a hankali," in ji shi. "Ka bar surutun kasuwa. Wannan tarihi ne."

Na ba shi abin da na sani. A cikin zancen na ce masa dawar Bungudu ba ta buƙatar talla. In manomi ya ce maka ta bana ce, to ta bana ce, in ya ce buhu ya cika, ba sai ka kwance ka duba ba. Da zuciya ɗaya na faɗa. Fiye da rabin abin da ke shiga sitona daga wani ƙauye ne na ƙasar Bungudu, ta hannun wani tsoho da manoman wurin ke bin maganarsa. Baba nake ce masa. Sama da shekara ashirin muna tare babu takarda a tsakaninmu. In kaka ta yi zai kira ni ya ce in turo mota, in tura, a lodo, ban taɓa kwance bakin buhu ɗaya a gabansa ba. A harkarmu wannan shi ne jari. Wanda ya rasa shi, komai girman sitonsa, iska zai riƙa tarawa.

Kakar shekarar da Darakta ya zo ta yi, an fara girbi, waya ba ta yi ƙara ba. Na kira Baba sau biyu a mako ɗaya, tana shiga ba a ɗauka. Na ɗauka rashin lafiya ce ko matsalar hanya, don a shekarun nan kowa ya san yadda ƙauyukanmu suke. Sai direban da ke ɗauko mini kaya ya same ni a rumfar Tsafe, ya gaishe ni a tsaye, ya miƙo mini wayarsa.

"Alhaji, ka ga wannan kuwa? Babu wayar da bai shiga ba a can ƙauyen Baba."

Hoton shafin Darakta ne. A tsakiyar shafin an ware wani rubutu, an matso da shi ciki daga gefe, an ja masa layi a tsaye, ya fita daban da sauran. Sakin layi na farko maganata ce, ba a canja ko kalma ɗaya ba. Na biyu kuma cewa ya yi an san manoman yankin da zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a gindin buhu su rufe da tsaba mai kyau, wasu ma sukan yayyafa wa hatsi ruwa kafin ranar kasuwa, kuma ɗabi'ar ta daɗe a cikinsu. A ƙarƙashin duka biyun, bayan ɗan gajeren layi, sai ga sunana, da sunan mahaifina, da dilan hatsi, Tsafe.

Na karanta sau uku. Na mayar wa direban da wayarsa na ce ya je ya ci abinci.

A gidajenmu mutum ba ya tunkarar wan matarsa kai tsaye da ƙorafi. Na bi hanyar da ake bi, na sa maiɗakina ta kira shi. Ya ce mata maganar ilimi ce, ba ta mata ba, in mijinta na da tambaya ya zo da kansa. Na tafi gidansa a unguwar Damba bayan la'asar. Na same shi a falo a kan kujerar ofis mai juyawa, kwamfuta a gabansa.

"Yaya, barka da hutawa," na ce. Da gangan na ƙi cewa Darakta, ya kuma ji.

Na nuna masa hoton. "Wannan sakin layi na biyu, ni na faɗe shi?"

Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na ga lokacin da ya gane, don wuyansa ya motsa. Amma da ya ɗago sai ya ce, "Samfuri ne ya jera shi haka. Ba aikin da ka sani ba ne."

"Samfurin ne ya ce mutanen Bungudu na zuba tsakuwa?"

"Wannan sharhina ne. Abu ne da kowa ya sani."

"Ni ban sani ba, kuma ni ke sayen hatsin. Me ya kawo sunana a ƙarƙashin sharhinka?"

"Alhaji, akwai ƙa'ida. In za a kawo maganar mutum mai tsawo, ba a cusa ta cikin rubutu. Ana ware ta a tsakiyar shafi, a sa sunan mai ita a ƙasa. Girmama ka aka yi. Manyan malamai da sarakuna ake yi wa haka."

"To a sauke ni daga sarautar."

Bai yi dariya ba. Ya ce shafin ya riga ya samu karɓuwa, an yaba masa, ba za a riƙa taɓa shi don wasu 'yan ƙauye sun ji haushi ba. Na ce masa waɗannan 'yan ƙauyen su ne tuwon da ƙanwarsa ke ci. Ya cire tabarau ya ce, "Zan duba."

Na yi zirga-zirga a ma'aikatu da yawa don takardun sito, na san ma'anar wannan kalma a bakin irinsu. Kwana biyar na jira. A cikin kwanakin aka ce mini an ga motar wani dila daga Funtua a ƙauyen Baba.

Rana ta shida, tsakanin azahar da la'asar lokacin da kasuwa ke lafawa, na zauna a bakin sito na buɗe shafin a wayata. A samansa akwai inda aka rubuta gyara. Na yi rajista da lambar wayata na danna. Shafin mai kyau ya ɓace, cikinsa ya fito, rubutu cunkushe da alamomin da ban taɓa lura akwai su a waya ba. Ban gane komai ba. Sai na yi abin da nake yi in an kawo mini irin da ban sani ba, wato in ajiye shi kusa da wanda na sani in yi ta kallo. Na nemo wasu shafuka a kundin inda aka ware maganar wani kuma ta fita daidai, na buɗe cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Kusan goma na duba a ranar, ina sallamar masu saye a tsakani.

Abin ba shi da wuyar da Darakta ya ɗora masa. Samfurin nan kamar buhu yake. Ana buɗe shi da wasu baka biyu masu lanƙwasa, a rubuta sunansa, sannan a zuba abu uku, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da sanda a tsaye: maganar kanta, mai maganar, da inda aka samo ta. In an gama sai a rufe da baka biyu masu kallon na farko. Haka yake a shafukan da na duba:

{{Ambato|magana=...|mai magana=...|tushe=...}}

Duk abin da ya faɗa tsakanin buɗewa da rufewa, na'ura za ta ɗauke shi ta ware shi ta buga masa sunan mutum a ƙasa. Ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, inda aka ɗaure kawai take gani.

Na koma shafin Darakta. Kowa yana fara zuba magana ne, sannan suna, sannan tushe, ya rufe. Shi kuwa da suna ya fara, da sunan uba, da sana'a, da gari, yadda aka koya masa buɗe wasiƙar gwamnati. Maganar ya bari a ƙarshe. Da ya gama kwafe tawa bai rufe ba, ya ci gaba da rubuta nasa ra'ayin, sai a can ƙasa, bayan tsakuwa da ƙaiƙayi da yayyafin ruwa, ya sa bakan rufewa. Ya zuba kayansa a buhuna ya ɗinke, tambarina a jiki.

Na yarda da farko kuskure ne. Ban yarda kuskure ne ba bayan ranar da na ga wuyansa ya motsa.

Na ɗauke bakan biyu daga ƙasa na mayar da su ƙarshen maganata. Na duba yadda zai fita kafin in adana. Maganata ta tsaya ita kaɗai a tsakiya da sunana, sharhinsa ya sauko cikin sauran rubutu ba sunan kowa. Na adana. Aikin bai kai lokacin ɗinke buhu biyu ba.

Kafin magariba an mayar da shi yadda yake. Kowane shafi yana da wurin tarihi, inda ake ganin wanda ya taɓa shi da lokacin da ya taɓa da dalilin da ya bayar. Dalilin Darakta shi ne: an maido, gyaran wanda bai san ƙa'ida ba. Washegari na sake gyarawa, na rubuta cewa ni ne mai maganar kuma ban faɗi rabi na biyu ba. Ya sake maidowa, ya rubuta cewa mai magana ba shi da ikon gyara abin da aka ɗauka daga bakinsa. Ya san muryar tana cikin wayarsa, ya san abin da ke ciki da abin da babu. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne tarihin shafin ya nuna cewa ɗan aji uku ya gyara masa aiki kuma gyaran ya zauna.

Maiɗakina ta ce in bar shi haka, zai huce ya gyara da kansa. Na ce mata dawa ba ta jiran wanta ya huce.

A rana ta uku ban cire komai ba. Na rufe maganata a inda ta ƙare. Sannan na buɗe sabon samfuri a ƙarƙashinta, na zuba sharhinsa a ciki kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. A wurin mai magana na rubuta cikakken sunansa da tsohon muƙaminsa da unguwarsa, yadda shi ya yi mini. A wurin tushe na rubuta cewa shi ya tabbatar mini da bakinsa a gidansa cewa sharhinsa ne. Na rufe da kyau, na duba sau biyu, na adana. Ya fita tsaf a tsakiyar shafi, da layinsa a tsaye.

Ban gama alwalar la'asar ba waya ta yi ƙara.

"Kai ka sa sunana a kan wannan maganar?"

"Samfuri ne ya jera shi haka, Yaya."

"Ka san ina da mutane a Bungudu? Ka san wanda ya gaje ni a ofis ɗan can ne?"

"Ni ma ina da mutane a can. Da ina da su."

"Wannan cin mutunci ne. A gaban duniya."

"Ka ce abu ne da kowa ya sani. In haka ne, wa zai ji haushi?"

Ina jin fankarsa tana juyawa ta cikin wayar. Sannan ya ce dama an gaya masa tun farko abin da zai biyo bayan haɗa jini da 'yan tiya. Na ce masa Allah ya ƙara girma, na kashe.

Ba a yi awa ɗaya ba ya goge sakin layin gaba ɗaya da hannunsa. A wurin dalili bai rubuta komai ba. Maganata ta zauna ita kaɗai. Wata malama da ban sani ba, cikin masu kula da kundin, ta rubuta a shafin tattaunawa cewa duk zargin da ba shi da hujja bai kamata ya shiga ba tun farko, a samfuri ko a wajensa.

Ban yi nadamar abin da na yi ba, amma ba ni na biya kuɗinsa duka ba. An yi bikin 'yarsa bayan wata biyu, ba a aiko wa maiɗakina goro ba. Ta ji labarin ranar a bakin maƙwabciya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina ba ni labarin gidansu, har yau kuma ba ta ci gaba ba.

Shafi ya gyaru, amma hoton da ke cikin wayoyin mutane ba ya gyaruwa. Washegarin ranar da ya goge sharhin na hau mota da sassafe na tafi Bungudu, daga can na ɗauki babur zuwa ƙauyen. Na samu Baba a masussuka shi da manoma kamar goma sha, buhuna a jere a ɗinke. Na yi sallama, aka amsa a taƙaice. Ba wanda ya shimfiɗa mini tabarma. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan Tsafe," ya ce. "Ka zo ganin tsakuwa?"

Wasu suka yi dariya, ba ta daɗi ba.

Na fito da waya. Na nuna sabon shafin, na buɗe tarihin, na sa ɗaya daga cikinsu mai karatun boko ya karanta da ƙarfi wanda ya rubuta me, da wanda ya maido, da wanda ya goge. Na fara bayanin baka biyun da inda aka sa su. Baba ya ɗaga hannu.

"Bar wanga zance na ƙarfe. Kai ka hwaɗi, ko ba kai ba?"

"Ba ni ba ne, Baba. Na farkon ne nawa."

"Wa ya rubuta na biyun?"

"Wan matata."

"Wa ya kai shi sitonka? Wa ya ba shi wurin zama?"

"Ni ne."

"To." Ya kalli buhunan. "Mun ji. Mun yarda ba kai ka hwaɗi ba. Amma ɗiyana da ke Gusau an karanta musu shi a kasuwa, da sunanka. Wanda ya karanta musu ba ya zuwa ya karanta musu gyara."

Ya ce rabin dawar bana an riga an ba mutumin Funtua, magana ta fita, ba ta dawowa. Rabin da ya rage nawa ne, da sharaɗi ɗaya. Sai na kwance kowane buhu na zazzage shi a kan tabarma har gindinsa, a gaban kowa, da hannuna.

"Baba, ban taɓa kwance buhunka ba. Ba na so in fara."

"Mu muka so," ya ce. "Ka duba, ka gani, su ma su ga ka gani."

Na tuɓe babbar riga na rataye a reshe. Aka miƙo mini wuƙa. Na yanke ɗinkin buhun farko na kifar da shi, dawa ta zubo ja, busasshiya, tana ƙara a kan tabarma. Baba ya ce in sa hannu in tona. Na tona. Ya ce in faɗi abin da na gani.

"Dawa ce."

"Ba su ji ba."

"Dawa ce zalla," na ce da ƙarfi.

"Na biyu."

Haka muka yi har rana ta take, muka yi azahar, muka ci gaba. Ba wanda ya taya ni kifarwa, su dai suna mayarwa suna ɗinkewa a bayana. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi jawur. Wajen la'asar wata mata ta aiko da fura a ƙwarya, aka ajiye kusa da ni, na sha. Da na zazzage na ƙarshe Baba ya tashi ya karɓi wuƙarsa ya goge ta a gefen riga.

"Turo mota jibi," ya ce.

Na yi godiya. Na tambaye shi ko baɗi za mu koma yadda muke.

"Baɗi ma ka taho da wuƙarka."

Kaka uku ke nan ina zuwa da ita. Rabin da ya tafi Funtua bai dawo ba.